Zauren Iyaye: Yaro Ya Ce Zai Koyi Gyaran Ɗaki

Kowace shekara, da an rufe makaranta, iyaye sukan zo mana da tambaya: "Malam, yaron nan ya ce zai bi masu fenti da silin. Wannan sana'a ce kuwa?"

I, sana'a ce, tsohuwa ma. Kakanninmu sun san magina masu ɗaurin guga da zanen bango, masu shafe da makuba, wadda akan samu daga ɓawon ɗorawa. Babban Gwani Malam Mika'ila, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, har yau ana ambatonsa. Kayan aiki ne suka sake: yanzu fenti ne, da tayil, da silin POP, da labule.

Hanya biyu ce. Ta fari, yaro ya zauna a hannun maigida. Zai fara da ɗebo ruwa da kwaɓa, ya koyi awo, har ya iya karɓar jinga da kansa. Ta biyu, makaranta. A nan Gwarzo akwai Makarantar Nazarin Muhalli ta Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano, inda akan yi difloma ta shekara 2 a fannin zanen gini. Mai son ci gaba yana iya nufar Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Amma kada mu ɓoye wa yaranmu wahalar. Aikin na rani ne. Bayan kaka, sa'ad da manoman Kabo da Gwarzo suka sayar da amfani, aure da gini sukan yi yawa. Da damina kuwa sai zaman jira. Akwai hawan tsani, da ƙurar da take shiga ƙirji, da warin fenti a rufaffen ɗaki. Wani mai gini ma yakan riƙe cikon kuɗi bayan an gama.

Saboda haka, kafin mu ba da yaro, mu je da kanmu mu zauna da maigidan a gaban shaidu. Shekara nawa zai yi? Wa zai ciyar da shi? In ya faɗo, wa zai biya magani? Yaushe za a yaye shi, da wane kayan aiki? A rubuta, kowa ya sa hannu. Mu kuma nace ya ɗauki jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, daga mataki na 3 zuwa na 1, gama kamfani yakan nemi takarda.

Kada a bar 'yan mata a baya. Wadda ta iya jeren ɗakin amarya da ɗinkin labule ta riga ta sa ƙafa a sana'ar. Sauranta ta koyi awo da lissafi.

Sana'a sa'a, in ji mutanen dā. Amma rigakafi ya fi magani.