Ba Keken Kwamfuta Ne Ya Cuce Mu Ba

Akwai wata magana da ta yawaita a bakin mutanenmu na yammacin Kano, tun daga Kabo har Gwarzo, wadda nake so in yi jayayya da ita, ko da yake na san masu faɗinta ba ƙarya suke yi ba a kan zafin da suke ji. Cewa suke yi wai keken surfanin nan mai aiki da kwamfuta, wanda teloli ke kira monogiram, shi ne ya ƙwace abinci daga bakin talaka, saboda haka ya kamata hukuma ta hana shigowa da shi, ko kuwa ta aza masa harajin da zai karya mai saye. Dattawa suna faɗi, 'yan boko suna faɗi, har da waɗansu masu neman ƙuri'a, su da ba su taɓa zura zare a kafar allura ba. Ni kuwa na ce kuskure ne, mai tsada kuwa, domin muddin muna zagin keke ba za mu waiwaya mu ga ta inda ɓarawo ya shigo mana ba.

Bari mu fara sanin abin da muke zagi, don rashin sani ya fi dare duhu. Keken nan ba aljani ba ne. Ana zana ƙirar surfanin a kwamfuta, sa'an nan wata manhaja, irin Wilcom ta mutanen Ostareliya, ta rarraba zanen nan suka-suka, ta rubuta inda allura za ta faɗa, da inda za ta tashi, da launin zaren da za ta ɗauka. A kwashe rubutun a ɗan filashi da bai kai tsawon yatsa ba, a soka a jikin keke. Keken yana da kawuna, wani biyu, wani shida, wani goma sha biyu, kowane kai da jerin alluransa, kuma yana iya suka kusan dubu a minti guda. Watau aikin da gwani zai duƙufa a kansa makonni, ido na ruwa, baya na ciwo, sai a gama shi cikin yini, ba kuwa riga ɗaya ba, shida a jere, ba wadda ta bambanta da 'yar'uwarta. Waɗanda suka fi suna na Japan ne, Tajima da Barudan. Masu sauƙin kuɗi kuwa daga ƙasar Sin suke zuwa.

Dabarar ma ba ta yau ba ce. Tun wajen 1804 wani Bafaranshe mai suna Jacquard, a birnin Liyon, ya haɗa masaƙar da ke karanta kati mai huji-huji, ta fitar da fure a jikin yadi ba tare da masaƙi ya ƙirga zare ba. Jikokin masaƙar nan su ne yau kwamfuta ke tuƙawa, su ne kuma ke saƙa shaddar da muke kira gezna, a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya. To, ya kai mai karatu, ka dubi alhajin da ya miƙe a taro yana la'antar aikin kwamfuta, ka dubi rigar da ke wuyansa. Tun kafin tela ya sa mata almakashi kwamfuta ta riga ta gama da ita. Abin da ya ƙi shi ne ɗan ƙasarsa ya mallaki injin. Na Bature kuwa ya biya kuɗinsa da murna, har yana faɗin farashin a majalisa.

Sa'an nan a tuna duniya ba ta jiranmu. A shekarar 2022 kaɗai an girka mutum-mutumin inji fiye da dubu 500 a masana'antun duniya, fiye da rabinsu a ƙasar Sin. Ko mun hana keke shigowa Gwarzo, ba mu hana shi aiki a Guwanzu ba, abin da ya ɗinka kuwa zai iske mu har Kantin Kwari.

Masu cewa a hana, ina tambayarku, ba a taɓa gwadawa ba ne? An gwada. A 2002 gwamnatin Obasanjo ta hana shigowa da atamfar waje. Me ya biyo baya? Kaya suka riƙa sauka a Kwatano, su haura Nijar, su ɓullo mana ta Maraɗi da Jibiya, 'yan fasa-ƙwauri suka yi gidajen bene. Cikin hanin nan ne aka rufe babbar masaƙar UNTL ta Kaduna a 2007, masaƙun Kano na Bompai da Sharaɗa da Challawa suka bi ɗaya bayan ɗaya suna yin shiru. A 2012 aka kama 'yan Sin masu ciniki a Kwari. A 2015 marinan Kano suka yi gangami har fadar Sarki suna kuka da rinin waje. A 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da yadi kuɗin musaya, aka kuma rufe iyakokin ƙasa daga Agusta na shekarar har Disamba 2020. Duk an yi wannan. A nuna mini karofi ɗaya da ya farfaɗo saboda shi. Hani bai taɓa koya wa yaro sana'a ba. Iyakarsa ya ƙara wa mai tsaron shinge abin sawa a aljihu.

Kakanninmu ba da hani suka riƙe kasuwa ba. Sa'ad da Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta tufafin da ƙasar ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, suna zuwa har Timbuktu da Tarabulus. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa suka ɗauka audugarmu za ta kwarara masaƙun Ingila, akokonsu kuwa ya kashe saƙin gida. Ba haka ta faru ba nan da nan, domin masaƙan ƙauye sun fi Bature ba manomi kuɗi a kan audugarsa, sai manoma suka sayar wa na gida, suka ba Bature gyaɗa. Abin da ya ba su wannan ƙarfi shi ne ilmin abin duka yana hannunsu: mace ta kaɗa zare, masaƙi ya saƙa da masaƙar da shi ya haɗa, marini ya san sirrin baba da toka, mabugi ya buga, malami ya zana aska takwas a ƙirjin riga da hannun nan da ya saba da zayyanar allo. In wani abu ya karye, a garin za a gyara. Da keken Singer ya zo ma ba a kore shi ba, koyonsa aka yi, har muka sami masu kwance shi su ɗaure a gindin bishiyar kasuwa.

A nan fa satar take. Yau matashi zai sayar da gonar gado a Getso ko Garo, ya haɗa da bashi, ya sayi keken kwamfuta. Amma zanen da keken zai ɗinka ba shi ya yi ba. Saye ya yi, ko kuwa aro daga filashin wani, wanda shi ma aro ya yi. Shi ya sa kake ganin samari goma a ɗaurin aure da wuya iri ɗaya, kamar 'yan makaranta. In allon wutar keken ya ƙone, sai a ɗauke shi kimanin kilomita 70 zuwa birni, a zauna jiran mai gyara, shi kuma yana jiran kayan gyara daga Legas ko Sin. Zaren na waje, yadin na waje, allurar ta waje. Mu namu danna maɓalli da biyan kuɗin mai. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Mafi ciwo ma, ƙirar tamu ta gado ita ce ke tafiya kyauta: ɗan kasuwa ya ɗauki hoton hula ƙube da wayarsa, ya tura ta WhatsApp, bayan 'yan watanni ta dawo cikin kwantena, dubbai, aikin inji, a farashin da ko zaren ta hannu ba zai saya ba. Wanda ya tura hoton ba Basine ba ne. Namu ne, yana sahun gaba a masallaci.

Ba zan ɓoye ba, akwai wadda abin ya taɓa da gaske. Matar auren da ke cikin kulle a Kutama ko Gude, wadda ɗinkin hula ne ke ba ta kuɗin sabulu da na kayan ɗakin 'yarta, ba ta da laifi a cikin wannan, kuma ba wani dogon Turanci da zai mayar mata da cinikin da ta rasa. Amma mai gaya mata za a hana inji yaudararta yake yi. Abin da zai amfane ta shi ne a rarrabe aikinta da na inji a kasuwa, da shaida da suna, yadda mai son aikin hannu zai san abin da yake biya. Masu sonsa kuwa ba su ƙare ba; har gobe babban mutum ya san bambancin hular hannu da ta inji tun daga nesa. Kada kuma a ɗauka inji ya iya kome. Kamfanin Adidas ya buɗe masana'antar takalma mai aiki da mutum-mutumi a Ansbach ta Jamus, bai daɗe ba a 2019 ya ba da sanarwar rufe ta, ya mai da aikin Asiya.

Sai maganar hukuma, wadda ita ce ta fi ba ni haushi. Mu mutane ne masu son yanka kirtani. A mulkin Kwankwaso na biyu, 2011 zuwa 2015, an ƙudura kafa gidan ɗinki a kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 44 na Kano. Niyya ce mai kyau. Amma gini da kekuna su ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Abin da ke da wuya shi ne malamin da zai zauna shekara biyar yana koyarwa, da wutar da ba za ta ɗauke a tsakiyar suka ba. Keken kwamfuta ba ya aiki da ƙafa kamar Singer. Tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, mai janareta ya san abin da ya same shi, a Afrilu 2024 kuma aka kai kuɗin wutar rukunin A naira 225 a kowane ma'auni. Wanda bai warware wannan ba, in ya raba wa matasa kekuna, kaya ya ɗora musu.

Alhali kuwa ƙasar nan ta taɓa yin abin da ya kamata. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa a 1909 tana da sashen sana'a. Ma'aikatar En'e ta Kano ta yaye kafintoci da makanikai waɗanda suka riƙe garuruwa shekara da shekaru. A 1977 aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, yau ga likitoci da injiniyoyinsu ko'ina. A 2022 kuma aka amince da kafa babbar makarantar fasaha ta tarayya a nan Kabo, a bakin ƙofarmu. Ina roƙon shugabanninta da iyayen ƙasa, kada ta zama wurin buga takardar neman aikin ofis kawai. A buɗe aji na wata shida ko shekara, ba tare da neman takardar sakandare ba, domin teloli da almajiran da suka sauke, a koya musu abu biyu: zanen surfani a kwamfuta, da gyaran allon wutar keke. Yaron da ya iya zayyanar allo ya riga ya yi rabin karatun fari.

A kuma aiki mutane su bi tsofaffin masu ɗinkin hannu na Gwarzo da Kabo da Ƙaraye gida gida, da takarda da na'urar hoto, su ɗauki kowace ƙira da sunanta da sunan wanda ya koya wa mai ita, a ajiye a makarantar da sunan garin. Mafi yawan masu wannan ilmi sun manyanta, idonsu ya fara rauni, 'ya'yansu kuwa suna birni suna tuƙa adaidaita sahu.