Jinjirin Wata Da Taurari Bakwai A Kasuwar Katako

Duk ranar da watan Musulunci ya cika kwana 29, idan aka idar da sallar Magariba a Katako, cikin birnin Jos, ba a rasa mutanen da ke tsayawa a bakin rumfuna suna ɗaga kai wajen yamma. Jos gari ne na kan tudu, ya ɗara teku tsawo da kimanin mita 1,200, saboda haka in ba lokacin hazo ko marka ba, sararinsa garau yake. Waɗansu dai ladar ganin wata suke nema. Amma akwai waɗanda tambayarsu ta wuce nan, kuma ba kaɗan ba ne. Su so suke su ji da wane tauraro watan ya tsaya, na arziki ne ko na tsiya, domin gobe da safe akwai kuɗin da za su zuba a masara, ko motar katako da za a ɗauko musu daga kurmi, ko dilar gwanjo da ba a san abin da ke cikinta ba sai an yanke igiya.

Abin da malaman hisabi ke gaya musu tsohon zance ne, kuma yana da tsarinsa. A lissafinsu taurari masu tafiya bakwai ne, kowanne da ranarsa a mako. Rana ke da Lahadi, Wata ke da Litinin, Talata ta Mirriku ce, Laraba ta Uɗaridu, Alhamis ta Mushtari, Juma'a ta Zuhura, wadda Bahaushe ke kira Zara matar wata, sa'an nan Asabar ta Zuhalu. Mushtari shi ne babban mai sa'a, Zuhura na biye da shi. Zuhalu kuwa na nahisa ne, na jinkiri da asara da tsufa, Mirriku kuma na wuta da ƙarfe da jini. Uɗaridu shi ne na fatake da marubuta da duk mai riƙe da alƙalami ko mudu, don haka a kasuwa an fi tambayar labarinsa. Dā ma Bahaushe na cewa Laraba ta Bawa ranar samu, ko da yake shi ne kuma ke gudun Larabgana a ƙarshen watan Safar.

To, idan jinjirin wata ya bayyana kusa da Zuhura ko Mushtari, sai su ce watan na buɗi ne, a saya a ajiye. Idan yana tare da Zuhalu, a riƙe kuɗi a aljihu. Idan ya sauka burujin Akrabu, watau Kunama, kada a yi tafiya, kada a ɗaura aure. Kwanakin ƙarshen wata kuma, lokacin da ya shiga duhu, ba su son a fara kome a cikinsu.

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan fanni. Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen malamin nan da ya tafi aikin hajji ya zarce Misira, ya rubuta Durrul Manzumi a kan ɗalasimai da taurari, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Misira. Masu suka ma ba yau suka fara ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubutu yana jan kunnen jama'a su nisanci masu rufa-ido da masu duba da taurari. A nan cikin Jos kuma Shehu Isma'ila Idris ya kafa ƙungiyar Izala a 1978, duba na daga cikin abubuwan da wa'azinta ya fi yi wa dirar mikiya. Malaman ɗariku masu zurfin karatu su ma sun raba abin gida biyu. Akwai sanin tafiyar taurari, wanda ake gane alƙibla da lokutan salla da shigowar damina da shi, wannan babu mai ja. Akwai kuma da'awar cewa tauraro na da tasiri a kan rabon mutum, a nan ne ake kawo hadisin Hudaibiyya, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi mai tsanani ga mai jingina saukar ruwa ga tauraro.

Kashi na farko har gobe yana aiki. Wata yana da masaukai 28 da yake ratsawa cikin kwana 27 da 'yan awoyi, rana kuwa takan yi kwana 13 a kowane masauki, da haka tsofaffin manoma ke ƙidayar bazara da damina da kaka da ɗari. Idan Kaza da 'ya'yanta ta fara faɗuwa da almuru wajen ƙarshen Afrilu, mai gona a Filato ya san lokacin shuka ya yi. Ɗan kasuwar hatsi da ya riƙe wannan ƙidaya ya san lokacin da masarar Mangu za ta cika kasuwa ta yi arha, da lokacin da rumbuna za su yi ƙasa a tsakiyar damina ta yi tsada. Wannan duk mai ido yana iya gwada shi shekara da shekara.

Kashi na biyu ne ke da ɓaraka, ko da an ajiye maganar halal da haram a gefe. Waɗanda suka raba kwanakin mako ga taurari bakwai ba su san da Yuranus ba, sai a 1781 William Herschel ya hango shi da madubin hangen nesa a Ingila, Naftun kuma sai 1846. In har taurari na juya ciniki, to, ƙarnuka da yawa an yi lissafin babu manya biyu a ciki. Bugu da ƙari, duniya tana layi a hankali kamar katantanwar da ta kusa faɗuwa, wannan ya sa burujai suna gocewa da daraja ɗaya a kowace shekara 72. Jadawalin da ke hannun malam yana cewa rana na shiga burujin Hamal, watau Rago, wajen 21 ga Maris, alhali kuwa a yau a wannan kwanan tana cikin taurarin Hutu ne, watau Kifi.

Mutanen Katako sun sha ganin abin da ke juya kasuwarsu. A watan Fabrairun 2002 gobara ta cinye babbar kasuwar Taminus, a rikicin Nuwamban 2008 kuma wuta ta ci dukiya mai yawa a Katako kanta. Bayan abu ya auku ba a rasa mai cewa dā ma ya ga Mirriku a lissafi, sai dai kafin ya auku ne ake neman mai faɗa a rasa. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, hatsi ya bi shi, har a 2024 ya kai inda ba a taɓa gani ba. Jama'a da yawa suka saya a kakar shekarar suka kulle, suna jiran ribar da aka ci bara. Amma tun a watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, ga kuma amfanin gona ya shigo, sai farashi ya karye a 2025. Wanda ya saya ranar Alhamis a sa'ar Mushtari da wanda ya saya ranar Asabar, asara ɗaya suka tafka.

Duk da haka bai kamata a yi wa mai zuwa wurin malam dariya ba. Mutum ne da jarinsa bai fi na buhu ashirin ba, wani lokaci ma na marayu ne ko na adashin matarsa, ba shi da inshora, ba shi da wanda zai gaya masa abin da ake shiryawa a Abuja. Kwanciyar rai yake saye. Wani sa'in kuma cewar da aka yi masa ya dakata kwana uku takan sa zafin kansa ya huce, ya tsira daga mugun ciniki, sai ya gode wa Zuhalu. Illar ita ce ragon sadaka da kuɗin turare daga cikin jarin nan suke fita, kuma wanda ya saba jin kasuwa daga bakin malam yakan daina tambayar direbobi da dillalai, waɗanda su ne ke kwana a kan hanya.

Shi dai jinjirin wata lissafinsa a fili yake. Tsakanin haihuwarsa da ta na gaba kwana 29 ne da awa 12 da minti 44 a matsakaici, kuma da wuya ido ya kama shi in bai kai awa 15 da haihuwa ba. A irin wannan lokaci na haihuwar wata ne kaɗai ake husufin rana, kamar wanda ya mai da rana dare a Katsina da Gusau ranar 29 ga Maris 2006. Masana sun riga sun ƙididdige cewa wani cikakken husufin zai sake ratsa Nijeriya ranar 20 ga Maris 2034, da safe.