Bayan fiɗar ciki: mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo

Ɗan Nijar da aka yi wa fiɗar ciki a wani babban asibitin Faransa, Beljiyam ko Amurka, sau da yawa idan ya farka zai tarar an ɗora masa wani ɗan maɓalli a hannu. Maɓallin yana haɗe da wata na'ura mai ɗauke da morfin, ita kuma tana haɗe da robar ƙarin ruwan da ke jijiyarsa. Ma'aikaciyar jinya za ta ce masa duk lokacin da ciwo ya taso, ya danna. Wanda ya tashi a Maradi ko Damagaram, ya ga yadda tramol ya lalata samari a tashar mota da majalisar ƴan kabu-kabu, ba abin mamaki ba ne ya ture maɓallin gefe ya cije haƙora. Wannan cije haƙora kuskure ne, kuma yana iya ja masa wata cutar.

Dalili kuwa a fili yake. Wanda aka tsaga cikinsa, kowane dogon numfashi da kowane tari jan ɗinkin yake yi. Idan zafi ya yi yawa sai ya koma ɗan gajeren numfashi, ya ƙi tari, majina ta taru, ƙasan huhu ya rufe, ciwon huhu ya samu ƙofa. Haka kuma wanda zafi ya hana tashi daga gado, jini na iya daskarewa a jijiyar ƙafarsa, gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Shi ya sa likitocin fiɗa suke son mara lafiya ya zauna, ya yi tari, ya fara takawa da wuri. Ba mai iya wannan da ciwo na cin sa.

Na'urar ba sabuwa ba ce. Wani likitan Amurka, Philip Sechzer, ya fara gwada dabarar a ƙarshen shekarun 1960, kuma a 1976 aka fitar da irin ta farko ta kasuwa daga birnin Kadif na Birtaniya. Likita ne yake saita ta. Ga babban mutum, yawanci dannawa ɗaya tana ba da miligiram 1 na morfin, daga nan sai ta kulle kanta na minti 5 zuwa 10. A cikin wannan lokaci ko sau ashirin aka danna, ba abin da zai fito. Mara lafiya ba sai ya yi ta jiran mai jinya ya zo da allura ba, kuma yana shan kaɗan-kaɗan daidai da abin da jikinsa ke nema, tunda zafin da mutum biyu ke ji bayan fiɗa iri ɗaya ba ya zuwa ɗaya.

Masu tsoro suna da hujja, domin morfin ba abin wasa ba ne. Yana kawo tashin zuciya, ƙaiƙayi da bushewar ciki, idan kuma ya yi yawa yana rage numfashi har ya tsayar da shi. Amma tsaron na'urar yana hannun mara lafiyan kansa: idan maganin ya fara yi masa yawa, barci ke ɗaukarsa, mai barci kuwa ba ya danna maɓalli. A nan ne al'adar zaman jinya take iya zama haɗari. Uwa ko mata ko aboki da ya ga nasa yana juyi cikin barci, ya miƙa hannu ya danna masa don tausayi, ya rushe wannan tsaro ke nan. Asibitoci suna gargaɗi a kan haka da babbar murya saboda an yi asarar rayuka ta wannan hanya. Aikin mai zaman jinya shi ne ya sa ido. In ya ga mara lafiya yana wuyar tashi daga barci ko numfashinsa ya yi sanyi, ya kira ma'aikata nan take, akwai allurar naloksan da ke karya ƙarfin morfin.

Batun kamuwa da jaraba ma sai a auna shi da ma'auni. Kwana biyu ko uku na morfin a gadon asibiti, ƙarƙashin idon likita, haɗe da farasitamol don a rage yawan da ake buƙata, ba daidai yake da ƙwayar da ake saya a bakin titi ba tare da takarda ba. Haɗarin yana ƙaruwa ne idan aka ci gaba da sha makonni bayan an koma gida. Wanda ya taɓa fama da tramol ya faɗa wa likitansa gaskiya tun kafin fiɗa, don a tsara masa abin da ya dace da shi.

A gida Nijar kuwa matsalar ta juya baya. Kwamitin mujallar Lancet ya bayyana a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na morfin da ake rarrabawa, alhali maganin yana cikin jerin magunguna na dole na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ba shi da tsada. Na'urar tana buƙatar kuɗi, wuta da ma'aikatan da za su riƙa duba numfashi dare da rana, don haka ba gobe za ta cika asibitocin jihohi ba. Sai dai darasinta kyauta ne. A tambayi matar da aka yi wa fiɗar haihuwa ta auna zafinta daga 0 zuwa 10, a rubuta, a ba ta magani a kan lokaci tun kafin ta kai ga kuka. Kunya da haƙurin da aka san matan ƙasar nan da su kada su zama dalilin a ɗauka ba sa jin komai. Yaƙi da tramol a kan titi wajibi ne, amma hukumomin lafiya su tabbata bai rufe wa wanda ke kwance da ɗinki a ciki ƙofar samun sauƙi ba.