Kafin ku zauna gaban tajin da kuskus

Yau za mu leƙa gidan abincin Maroko, domin mai gidan da ya yi niyyar kai iyalinsa karo na farko, ko a nan gida ko a ziyarar Fas, inda 'yan Tijjaniyya ke zuwa kabarin Shehu Ahmad Tijjani. Abincin yana da daɗi kuma yawancinsa mai gina jiki ne, amma idan kun shiga ba ku san abin da za ku tambaya ba, kuna iya biyan kuɗi mai yawa yara su ƙi ci, ko Hajiya mai ciwon suga ta kwana sukarinta ya hau.

Abu na farko da za ku gani a takardar abinci shi ne tajin. Sunan tukunya ne tun asali, ta yumɓu, mai murfi mai tsini kamar malafa. Tururi yana hawa cikin murfin, ya zama ruwa ya gangaro kan abincin, shi ya sa nama ke yin laushi da ɗan ruwa kaɗan a kan ƙaramar wuta. Akwai tajin na kaza da zaitun da lemun tsami da aka daɗe da jiƙawa a gishiri, akwai kuma na naman rago da busassun 'ya'yan itace, da zuma da ƙwayar almon. A cikin tukunyar ake kawo shi yana tafasa, don haka ku matsar da ita daga gaban yara, kuma ku bar ma'aikacin gidan ya ɗaga murfin da kansa.

Na biyu shi ne kuskus, wanda ba baƙo ba ne a wurinku, domin ɗan'uwan dambu ne. Da tsakin alkama ake yin sa, a turara shi sau biyu ko uku a tukunya mai kama da madambaci, sannan a jera masa karas, kabewa, kabeji da nama. Mutanen Maroko sun saba cin sa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, iyali duka a kwano ɗaya. A shekarar 2020 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake karewa, da sunan Maroko, Aljeriya, Tunisiya da Muritaniya.

Kada ku sa ran yajin attaruhu. Ƙamshin girkinsu daga citta, kirfa, kurkur da za'afaran yake fitowa, kuma suna haɗa zaƙi da nama, abin da harshen Bahaushe bai saba ba. Akwai wani abinci mai suna bastila, kaza ko tantabara a cikin ɓawon fulawa mai ƙaras-ƙaras, a barbaɗa masa sukari da kirfa. Ku sayi guda ɗaya kowa ya ɗanɗana kafin a ƙara. Wanda ba ya iya cin abinci sai da yaji ya roƙi a kawo masa barkono a gefe.

Yanzu ga inda lafiya ta shigo. Idan a cikinku akwai mai hawan jini, ya lura da zaitun da lemun tsamin nan, domin gishiri ne ke adana su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Ya ci kazar da kayan lambu, ya ture zaitun da ɓawon lemun gefe, ya kuma rage dangwala burodi a romon.

Mai ciwon suga kuwa tarko uku ke jiransa a tebur ɗaya: burodi, kuskus, da shayi. Burodi shi ne cokalinsu, da shi ake cin tajin, kuma ba a jin yawan wanda aka ci. Ya zaɓi ɗaya, ko burodi ko kuskus, ya cika farantinsa da kayan lambu da nama. Miyar harira, wadda ake yi da tumatir da dangin wake kuma da ita suke buɗa baki a watan azumi, ta fi masa tajin mai zuma. Shayinsu na na'a-na'a kuwa a cikin buta ake zuba masa sukari, da yawa kuma, ba a kofi ba. Tun lokacin da kuke odar abinci ku ce a dafa muku buta ɗaya babu sukari.

Uwargida mai juna biyu ko mai ƙarancin jini, ki jinkirta shayin nan kamar awa ɗaya bayan cin abinci, saboda ganyen shayi yana rage yadda jiki ke ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci. Idan kuma kuna da yaron da jikinsa ke yin ƙuraje ko kumburi in ya ci gyaɗa, riɗi ko almon, ku faɗa wa ma'aikacin tun kafin a kawo komai. Almon da riɗi suna ɓuya a cikin bastila, da kayan zaƙi, har da saman nama. Kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi bayan cin abinci maganar asibiti ce nan take.

Ga shawarar da za ta rage muku kashe kuɗi: iyali mai mutum biyar su fara da harira, tajin ɗaya na kaza, da kuskus ɗaya, a ajiye a tsakiya. A wanke hannu, a yi bismillah, kowa ya ci gabansa da hannun dama, kamar dai yadda kuka saba a gida. In bai isa ba a ƙara. Allah Ya ba mu lafiya, sai mako mai zuwa.