Me ya sa jaruman littattafanmu ba sa zuwa Sarayebo?



Akwai wani ciwo da nake yawan cin karo da shi a labaran da ake turo mini in duba, kuma ni kaina na yi fama da shi, don haka kada wani ya ga kamar da shi nake. Duk lokacin da aka ce jarumi ya fita Turai, to ɗayan biyu ne, Landan ko Faris. Zai sauka daga jirgi, mota ta ɗauke shi, ya shiga wani makeken otal, ya kira Hajiya ya shaida mata ya sauka lafiya. Sai a yi shafi arba'in yana can, amma ba ka taɓa jin sanyi ya kama masa yatsu ba, ba ka san me ya karya da shi ba, ba ka san yadda ya gane alƙibla ba. Ka goge Landan ka rubuta Abuja, wallahi babu jimlar da za ta nemi gyara. Sunan garin kawai muke so, don shi ke nuna yaron ɗan masu hali ne. A labarina na farko na tura wata Zainab karatun likita a Faris, alhali abin da na sani game da garin bai wuce hasumiyar ƙarfen nan ba.

Abin da ya sa na tado maganar shi ne kwana huɗu da na yi a Sarayebo, babban birnin Bosniya, da guzurin da bai taka kara ya karya ba. Ra'ayina, wanda na san wasu za su ja da shi, shi ne: ga mai son rubutu, garin da ba a yi masa talla ba ya fi garin da kowa ke mafarki amfani, kuma ƙarancin kuɗi ya fi yalwarsa nuna maka gari.

Kawuna yana sarin tufafi a Laleli, unguwar 'yan kasuwa da ke Istanbul, ni ke riƙe masa lissafi. Tun kafin mu tashi na shirya cewa kwanakin da za mu zauna jiran a ɗaure kaya zan tsallaka Bosniya, tafiyar kusan awa biyu a jirgi. Da na faɗa masa sai ya dube ni ya ce, "Kai yanzu duk faɗin Turai ka rasa inda za ka je sai garin da aka yi yaƙi?" Na ce, "Kawu, can ne aljihuna zai kai ni." Ya ce, "To Allah Ya tsare. Amma kada ka dawo ka ce in ranta maka."

Kafin in yi nisa bari mu daidaita kan kalmar arha, don kada in yaudari kowa. Idan Bature ya ce Sarayebo gari ne mai arha, yana magana ne a matsayin mai karɓar albashi da yuro, wanda fasfonsa ba ya neman biza, wanda bas ma za ta iya kawo shi daga ƙasar maƙwabta. Ga mai naira kuwa babu wani lungu na Turai da ke da arha. Kuɗinsu sunansa mark, an ɗaure shi da yuro, yuro ɗaya mark biyu ne saura kaɗan, saboda haka duk kashin da naira ta sha a hannun yuro ta sha shi a hannun mark. Bosniya ba ta cikin Tarayyar Turai, ba ta cikin yankin Shengen, bizarta daban ce, neman ta kuma ya cinye mini makonni. Da ba don kuɗin jirgin Istanbul yana wuyan kasuwancin Kawu ba, da ban leƙa ko'ina ba. Arhar da nake nufi tana farawa ne bayan ka isa. Na kwana a masaukin matafiya, mu shida a ɗaki, gado mai hawa biyu. Da safe in sayi burek, wani naɗaɗɗen fulawa mai nama a ciki da ake sayarwa a kan sikeli. Da yamma in ci cebapi, niƙaƙƙen nama ne gasasshe kamar 'yan yatsu, a cusa shi cikin gurasa da ɗanyar albasa. Ruwa kuwa ban saya ko sau ɗaya ba, famfon masallaci ya ishe ni.

Da yake ba ni da kuɗin tasi, a ƙasa na yi yawona, sai taram sau biyu, wato ƙaramin jirgin nan mai bin tsakiyar titi, wanda garin ke da shi tun 1885 lokacin da dawaki ke jan sa. Garin siriri ne, yana kwance a cikin kwari tsakanin duwatsu, kogin Milyatska ya ratsa shi. Tsohuwar kasuwarsu, Bashcarshiya, ginin zamanin Daular Usmaniyya ce. Kana tafe a cikinta za ka iso wani layi da aka shata a ƙasa, kana ƙetare shi gine-ginen su rikiɗe su koma irin na Ostiriya, wadda ta karɓi mulkin ƙasar a 1878. Masallaci, cocin Katolika, cocin Otodoks da wurin ibadar Yahudawa duk suna cikin tafiyar 'yan mintuna. Ga kuma kusurwar gadar da Gavrilo Princip, yaro ɗan shekara 19, ya harbe yarima mai jiran gadon Ostiriya, Franz Ferdinand, da matarsa a ranar 28 ga Yuni, 1914, harbin da ya kunna Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wurin bai kai bakin wata kasuwar unguwa girma ba. Na wuce shi sau biyu ban sani ba.

A rana ta farko na fito daga masallacin Gazi Husrev-beg, wanda aka gina wajen 1531, na ɗaga kai na ga agogon hasumiyar da ke gefensa yana nuna lokacin da bai yi kama da na wayata ba. Na ce a raina ashe su ma suna barin agogon gari ya lalace. Wani dattijo da muka yi sallah sahu ɗaya ne ya warware mini, da guntun Larabci da nuni da hannu. Agogon lafiyarsa ƙalau. Yana cika sha biyu ne daidai faɗuwar rana, wato lokacin magariba, kuma tun da rana ba ta faɗuwa lokaci ɗaya kullum, akwai mutumin da aikinsa ke nan, ya riƙa hawa yana saita shi. Ku duba wannan da idon marubuci. Mutum ɗaya, tsani, agogo, da gari guda da ke jiran buɗa baki. Da ina cikin mota da gilashi a rufe, da ban ga agogon ba, balle in yi kuskuren da ya jawo mini bayani.

Haka ma jajayen tabon da ke kan daɓen titi. Na taka guda kafin in san mene ne. Daga Afrilun 1992 zuwa Fabrairun 1996 sojojin Sabiyawan Bosniya sun yi wa garin ƙawanya daga kan duwatsun nan, kwana 1,425, aka kashe sama da mutum 11,000. Wasu daga cikin guraben da harsashin igwa ya fashe ya kashe mutane, maimakon a shafe su, sai aka cika su da jan danƙo aka bar su a wurin. Suna kiran su furannin Sarayebo. Mai tafiya a ƙasa ne kaɗai ke ganin su.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai, kuma shi ya sa na ga ya dace in kawo maganar gaban marubuta, shi ne labarin ɗakunan karatunsu. A bakin kogi akwai wani gini mai ratsin ja da rawaya da suke kira Biyecnitsa, an buɗe shi a 1896 a matsayin zauren majalisar gari, daga baya ya zama babban ɗakin karatu na ƙasa. A daren 25 ga Agusta, 1992 aka yi masa ruwan wuta daga kan dutse, kimanin littattafai da takardu miliyan biyu suka ƙone. Ba a sake buɗe ginin ba sai a 2014. Watanni uku kafin wannan gobara an ƙona Cibiyar Nazarin Gabas, mai rubutattun littattafan hannu sama da 5,000. Wanda ya harba wutar nan ya san abin da yake hari. Yana so ne a wayi gari mutanen ba su da takardar da za su nuna cewa sun daɗe a wurin.

Ɗakin karatu na Gazi Husrev-beg, wanda aka kafa a 1537, shi ya tsira. Ma'aikatansa ne suka riƙa kwashe littattafan a cikin kwalayen ayaba suna sauya musu maɓoya a ƙarƙashin harbi, cikinsu har da mai gadin dare, baƙin mutum ɗan ƙasar Kongo. Littattafan hannu sama da 10,000 suka kuɓuta. Mafi tsufa a cikinsu wani juzu'i ne na Ihya'u Ulumiddin, wanda aka kwafa tun Imam Gazali yana raye, kafin rasuwarsa a 1111. Littafin da malamanmu ke karantarwa a zaure, ga shi a tsakiyar Turai ya sha da ƙyar a cikin kwalin ayaba.

A nan ne kuma na san cewa Bosniyawa ma sun yi ajami. Sun ɗauki haruffan Larabci sun rubuta harshensu da su, suka ƙara alamomi don sautukan da Larabci ba shi da su, kamar dai yadda magabatanmu suka yi wa Hausa da Fulatanci. Suna ce masa Arebitsa. Har wani malaminsu, Muhamed Hevaji Uskufi, ya tsara ƙamus na Bosniyanci da Turkanci a cikin waƙa a 1631. Na tsaya gaban gilashi ina haɗa baƙi da wasali, ina fitar da sauti, ban san ma'anar ko kalma ɗaya ba. Sai na tuna akwatin takardun kakana da gara ta gama da rabinsa a soro, ba tare da kowa ya harba mana komai ba.

Kada kuma in mayar da garin aljanna. Hayaƙin taba ya dame ni a kusan duk wurin shan gahawa. Da hunturu iskar garin kan gurɓace ƙwarai, saboda hayaƙi yana maƙalewa a cikin kwarin. Matasansu da yawa hankalinsu yana Jamus da Ostiriya, kamar yadda namu yake a waje. Kallo kuwa na sha shi, musamman a unguwannin kan tudu, ko da yake yawanci da na yi sallama fuska ke sakewa.

Na san wani zai ce, to ai ba kowa ke da kawu a Laleli ba. Haka ne, kuma ban ce kowa ya sayar da wayarsa ya nemi biza ba. Abin da nake cewa ya shafi har wanda bai taɓa wuce Zariya ba. Matsalar Landan da Faris ita ce mun ɗauka mun san su, fina-finai sun riga sun cika mana kai da hotunansu, shi ya sa ba ma bincike. Amma ka ce za ka kai jaruminka Sarayebo, ko Tirana, ko Kurɗuba ta Andalus, dole ka zauna ka karanta, ka buɗe taswira, ka nemi wanda ya je ka tambaye shi, domin ba ka da hoton aro da za ka fake da shi. Wani kuma zai ce masu karatu Landan suke so, suna son su huta da talauci ko da a takarda ne. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ban raina ta ba. Sai dai ban yarda cewa mai karatu yana hutawa a garin da babu komai a cikinsa sai suna ba. Kuma Hausawan da ke Turai a zahiri, yawancinsu ba 'ya'yan ministoci ba ne. Ɗalibai ne masu jiran kuɗin tallafi, da 'yan kasuwa, da masu ƙirga sulalla kafin su shiga shago. Waɗannan ba su da littafi har yanzu.

Ni kaina kwana huɗu bai ba ni lasisin rubuta Babosniye a matsayin jarumi ba. Abin da zan iya rubutawa da gaskiya shi ne baƙon Bahaushe mai ƙaramin guzuri, wanda ya ɗauka agogo ya lalace, wanda ya taka wurin da aka kashe mutane bai sani ba.

A rana ta ƙarshe na bi ta layin maƙeran tagulla, inda ake ƙera butocin gahawa da farantai, ƙarar guduma kamar kana cikin Kurmi. A nan na ga alƙaluma da aka yi da kwanson harsashi, an yi musu zane, ana sayar wa baƙi. Na ɗauki ɗaya na juya shi, na ce ga tsarabar da ta dace da marubuci, har na fara tsara yadda zan ɗauki hotonsa in nuna muku. Sai na tuna wata 'yar ƙungiyarmu daga Maiduguri da ta taɓa tashi a taro ta ce ta gaji da mutanen da ba su taɓa kwana cikin ƙarar bindiga ba suna yi wa labaransu ado da ita. Mai shagon yana ta jira. Na ajiye alƙalamin na sayi ƙaramar butar gahawa da ragowar mark ɗina, na kai wa Kawu. Ya juya ta ya ce ta yi ƙanƙanta, ko shayin mutum ɗaya ba za ta ɗauka ba.