Wai wace ce "asalin" waƙar Hausa?

1/ Jiya a wani biki a Kabo, DJ ya saki waƙar fiyano, sai abokina ya taɓe baki: "Indiyanci ya kashe mana al'ada, ina ma zamanin Shata!" Har muka iso Gwarzo muna musu a mota. Jama'a, ku ba ni aron kunnuwanku.

2/ Algaitar da kuke ji a ƙofar fada, sunanta ma daga Larabawan Magrib ya zo. Goge kuwa Dagomban Ghana na da shi, Yarabawa na sa shi a kiɗan sakara. To wanne ne namu mu kaɗai?

3/ Kuntigi, irin na Ɗan Maraya Jos, da gwangwanin kifi ake haɗa shi. Gwangwani fa, kayan kanti! Wa ya taɓa cewa Ɗan Maraya ba waƙar Hausa yake yi ba?

4/ Shi kansa Shata ya yi wasa gaban sarakuna, ya yi a otal-otal da mashaya. Masu goge da kukuma kuwa "'yan iska" kakanninmu ke ce musu. Yau mu jikoki mun mai da su ma'aunin tsarkin al'ada. Ikon Allah!

5/ Ba mu kaɗai ba ne. Kiɗan polka a Bohemiya aka haife shi wajen 1830. Jamusawa da 'yan Cek suka kai shi Texas a Amurka da akodiyon, 'yan asalin Meziko suka ɗauka a gidajen rawa suka yi conjunto. Yanzu gadonsu ne, suna alfahari da shi.

6/ Ba gauraya ce ke kashe kiɗa ba, yunwa ce. Shata ya rasu 1999, Barmani Choge 2013, Ɗan Maraya 2015. Mun yi ta kuka a intanet. Waɗanda ke raye fa?

7/ Na tambayi abokin nan: a bikinka wa ka ɗauko? Ya ce DJ, wai ya fi arha. Alhali akwai tsohon mai kalangu a unguwarsu, ɗansa ya ƙi gadon ya kama acaɓa, don ba ta kawo na cefane.

8/ In da gaske kuke, ku gayyaci mai kalangu bikinku, ku biya shi kamar DJ, ku bar su su haɗa sauti. In ba za ku iya ba, don Allah ku daina mana wa'azin al'ada.