LAFIYA UWAR JIKI: Jinyar gida ga mai shan maganin sankara

Maganarmu ta wannan sati kan masu jinyar sankara ce. Mutumin Ƙwanni, Malbaza ko Illela, in aka gano masa cutar a asibitin Galmi ko na Tawa, galibi Yamai ake tura shi, tafiyar fiye da kilomita 400, zuwa cibiyar ƙasa ta yaƙi da sankara, wadda ta fara ƙona cutar da haske a 2021. Wasu kan ƙetara asibitin koyarwa na Sakkwato. Can ake ɗaura masa ruwan magani, watau shimiyoterapi, sau da yawa bayan kowane sati 3. Sauran kwanakin yana gida, hannun iyali.

Maganin yana farautar ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa, shi ya sa yake taɓa baki, hanji, suma da jini. Wannan wahala ce ke sa wasu su yanke zuwa, kuɗin albasa da na bisashen da aka sayar su tafi a banza, cuta ta sake tashi.

Iyali na da abin yi. Ga tashin zuciya, a ba shi abinci kaɗan-kaɗan, sau 5 ko 6 a yini, wanda ya huce, marar maiƙo da yaji. Kunu da ɗan ruwan citta suna taimaka wa wasu. Ga gyambon baki, ya riƙa kurkurewa da tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri, ya bar goro da taba. Ga kasala, tattaki da sassafe ya fi wuni kwance. Suma kuwa tana sake tsirowa bayan an gama.

Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan ƙarin ruwa garkuwar jiki ke raguwa ƙwarai. A lokacin a nisanta shi da cunkoson kasuwa, da nonon da ba a dafa ba, a taƙaita ƴan gaisuwa. In zafin jiki ya kai digiri 38, a kai shi asibiti nan take, ko cikin dare. Kada a haɗa masa sassaƙe ko jiƙo ba da sanin likita ba, don hanta da ƙoda sun riga sun ɗauki kaya. Maganin amai da likita ya rubuta kuma a ci gaba da shan sa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai sati mai zuwa.